Sha Huɗu Majo Ya Ce, Ashirin Na Ji

Bismillahi. Auta, ina yi maka sallama. Ina fata ka sauka lafiya, rairayin hanyar Guci bai karya maka ƙugu a kan moto, babur ɗin nan, ba, kuma mutanen garin sun karɓe ka hannu biyu. Allah ya tsare ka a inda idona ba ya kaiwa. Ya tsare ka daga sharrin mutum da na aljan, ya tsare ka daga sharrin kanka, don shi ne ya fi damuna yanzu.

Labarin gida babu, jiya-jiya ka bar shi. Ba don labari na zauna kwana shida ina kokawa da bik ina rubutu a tsohon kayenka na makaranta ba, har na cusa shi ƙarƙashin kuka da daddawar da na ɗaure maka. Rubutun karatun manya ne. In harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka, ai kai ne mushe mai koyar da yara.

Na ji ka. Katangar da ke tsakanin ɗakina da naka ba ta kai rufi ba, ko ka manta? Allurar sukarin nan taka ta dare, mai kama da bik, in ka murɗa gindinta ƙara take yi, ƙas, ƙas, ƙas. Ranar da majo, babban mai duba marasa lafiya a likitar Magariya, ya rubuta maka ita ina zaune a benci, da kunnena na ji: sha huɗu, kowane dare, lokaci ɗaya. Watan jiya na ƙirga sha shida. Na ce ƙila kunnena ne ya tsufa. Sati ya zagayo, sha takwas. Daren Larabar nan, ashirin. Ban yi lakwal ba, ban zauna ajin boko ba, amma shekara talatin ina ƙirga ƙuli-ƙuli a faranti, ƙirga ba ya ɓace mini.

Da safe na ce maka, "Auta, majo ne ya ƙara maka?" Kana ɗaure takalmi, ko ɗago kai ba ka yi ba, ka ce, "Inna, bar wannan, abin ilimi ne." Abin ilimi! Ni za ka gaya wa? Ni da na yi shekara tara ina soka wa ubanka allurar nan a cinya?

Na kuma san abin da ya sa kake ƙarawa. Ƙishirwa ke tashe ka. Sau uku, sau huɗu ina jin murfin randa kafin asuba. Ka ga ƙishirwa, ka ce sukari ya hau, ka murɗa. Yanzu ga shi sun tura ka lakwal a daji bayan Guci, ɗaki kai kaɗai, likita mafi kusa sai an yi tafiya mai nisa a moto. Wa zai ji ka a can? In ka ci gaba da abin da kake yi, wata safiya yara za su jeru a bakin aji suna jiran mushe, mushe ba zai fito ba. Shi ya sa zan gaya maka abin da na yi wa ubanka, ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ka karanta har ƙarshe, kar ka tsallake.

Kana shekara bakwai ciwon ya kama shi, muna ƙauye kusa da Dantchiao. Mutum ya rame ya zama kara, sai sha sai fitsari, inda ya tsuguna tururuwa ta taru. Dare ɗaya sai ya fita sau bakwai. Ni da wayona na ce, ai abin da ya shiga shi ke fita, a hana shi shiga a huta. Na mirgina randa na kai madafa, na ɗaure ƙofar da igiya.

Ya tashi ya laluba bai samu ba. Ya ce, "Ke, ina ruwan?"

Na ce, "Malam, daure. Ruwan nan ne ke wahal da kai."

Ya ce, "Don Allah moɗa ɗaya."

Namiji da gemunsa yana roƙona moɗa ɗaya a gidansa, na juya masa baya. Da rana ina ba shi kaɗan-kaɗan kamar magani, da dare babu. Fitsarin bai tsaya ba, ko kaɗan. Harshensa ya bushe kamar ƙirgi. Rana ta uku bai gane ƙanwarsa ba. A amalanken shanu aka kai shi Dantchiao, daga nan mota zuwa Magariya. Ƙarin ruwa leda bayan leda. Majon lokacin, wani dogo mai faɗa, ya dube mu ya ce, "Wa ya hana mutumin nan ruwa?" Ni na ce ni ce. Ya ce, "Baiwar Allah, ba ruwa ke kawo fitsarin ba. Sukari ne ke jan ruwan jikinsa ya fice da shi. Shan da yake yi shi ke riƙe da ransa, kika zo kika ɗaure da igiya."

To ka ji. In ƙishirwa ta tashe ka, ka sha. Kar ka ce za ka daure don ka nuna kai namiji ne, kar ka ce kana ƙyashin fita waje a baƙon gari. Ka ajiye ruwa kusa da kanka. In ƙishirwar ta zo da amai, ko ciwon ciki, ko jikinka ya mutu murus, ba jiran safiya, ka buga wa wani ƙofa a ɗauke ka zuwa likita. Kuma ko ba ka da lafiya, ko ka kasa cin abinci, ba ka jefar da allurar da kanka, sai ka tambaya yadda za ka yi.

Muka dawo gida da kwalbar allura da sirinji. Sai kunya ta kama ni. Na ce mutumin da na hana ruwa, yanzu sai ya sha mai kyau. Ka san mu, ba a miƙa wa maigida ruwa tsura, sai ka ce baƙon da ba a so. Kowane dare na dama masa fura da nono, na ɗan barbaɗa sukari don daɗin baki, na rufe ƙwarya da faifai na ajiye a gefen gado. In ƙishirwa ta tashe shi ya kurɓa. Yana sha yana sa mini albarka. Ƙishirwar ta ninka. Ni kuma na ƙara girman ƙwarya. Wata biyu muna haka, sai da aka auna shi a Magariya majo ya ce, "Me yake ci da dare?" Na ce ba ya cin komai, fura kawai yake sha. Ya dafe kai. Ya ce, "Kawai! Gero da sukari kike ɗura masa yana kwance, ki ce kawai!"

Kai kuwa ba fura ba, shayi. Kar ka ce mini a'a. Bayan isha kana fada da abokanka a ƙofar gidan tela har zagaye uku. Ka ce ai ɗan kofi ne. Na wuce na gani da idona, da kofin nan ake auna sukarin, a cika shi a juye a buta, a sake. Ka sha uku, ka ɗora biredi, ka shigo gida ka kwanta, ƙishirwa ta tashe ka, sai ka huce a kan allura. Allurar ce ta sha shayin? A sabon garin nan kuwa abin sai ya fi haka. Sabon mushe ya zo, kowane gida sai sun aiko da fura, kowace fada sai sun miƙo kofi. Kai kuma ga kunya, ba ka iya cewa a'a. Bakinka zai faɗi ne in ka ce, "Na gode, ina da ciwon sukari"? Ba sata ka yi ba. Ka faɗa sau ɗaya da ƙarfi gaban mutane, ka huta. Mai jin haushi ya ji. Ba shi zai kwana yana safa da marwa zuwa randa ba.

Akwai kuma wautar da na yi da ajiya. Na ga kwalbar abu ce mai daraja, sai na sa ta inda nake sa abin daraja, cikin kwalla ta can sama, dab da kwanon rufi, da bazara. Ashe dafa ta nake yi. Ruwan ya mutu, ina soka masa abin da ba ya aiki, ƙishirwa ta dawo, ina zagin masu yin maganin. Kai ma haka kake yi. Ka soke allurar a aljihun gaba kusa da jan bik, ka hau moto da tsakar rana kana yawo da ita, sai ka ce ado. In ta dahu ba ta aiki, in ba ta aiki ka ji ƙishirwa, ka ƙara. Ranar da ka buɗe sabuwa mai rai ka murɗa mata wannan adadin da ka ƙara, sai wa? Can babu firijo. Na sa maka 'yar tukunyar ƙasa mai murfi a cikin kayanka, na naɗe ta da tsohon zanena. Ka binne ta rabi cikin jiƙaƙƙen yashi a kusurwar ɗaki, ka riƙa yayyafa wa yashin ruwa safe da yamma. Yashin za ka jiƙa, ba allurar ba. Kuma ka daina soka wuri ɗaya kullum don ya fi sauƙi, wurin ƙulluwa yake yi, maganin ba ya shiga daidai.

Yanzu na zo ga naka. Wannan shi ne abin da kake yi, ni na riga ka.

Bayan shekara huɗu da allurar, sai na ga ai na zama likita. Na gano da kaina cewa in sukari ya hau ƙishirwa na yawa. Gaskiya ne, ban yi ƙarya ba. Sai na kafa dokata. Ina kwance ina ƙirga moɗa. Biyu ba komai. Duk moɗar da ta wuce biyu, gobe da dare na ƙara layi ɗaya a sirinji. Ban tambayi kowa ba. Wani lokaci ya yi daidai, har mata na zuwa tambayata, ina zaune ina ba da fatawa ina hura hanci.

Da kaka ne, ana yankan gero. Ubanka ya wuni yana yanka yana ɗaure dami cikin rana, ya dawo na ba shi tuwo da miyar busasshen kifi, gishiri ya zarce. Daren nan moɗa shida ya sha. Wane ne zai wuni a gona ya ci gishiri bai sha ruwa ba? Ko jaki sai ya sha. Ni ban yi wannan tunanin ba. Shida, cire biyu, huɗu. Washegari da dare na ƙara layi huɗu.

Ya yi asuba ya fita gona bai karya ba, wai kafin rana ta yi zafi. Da hantsi aka aiko mini in zo. Na tarar da shi zaune cikin kara, zufa na zuba kamar an kwara masa guga, hannu na rawa, yana zagin mutane. Ubanka da ko akuya bai taɓa zagi ba, yana ce wa limamin garinmu ɓarawon kaji. Mutane suka ce iska ce ta buge shi a gindin gawo. Wani na tofi, wani ya ruga neman turare. Ni ma na yarda, ina tsaye ina salati. Wata Bafillatana mai tallar nono ce ta sauke ƙwaryarta ta ce, "Kai, ku gafara! Wannan mai allura ne? Uwata haka take yi." Ta kwance sukarin furarta ta jiƙa a ludayi ta ba shi, yana iya haɗiya. Ta sake ba shi. Kafin a dawo da turaren ya dube mu ya ce, "Lafiya kuka taru a gonata?"

Majo da ya ji, bai bar ni na zauna ba. A tsaye ya wanke ni gaban mutane. Ya ce, "Wa ya ce miki da moɗa ake auna sukari? Zafi na sa ƙishirwa, gishiri na sawa, barci baki buɗe na sawa. Kuma allurar nan ba ta san gaggawa ba. A hankali take tsatsafowa cikin jiki. Wadda kika ƙara jiya da dare, yau da hantsi tana nan tana aiki, yana gona ciki babu komai. Mai aikin ƙarfi ma sukarinsa sauka yake yi, ke kika ƙara masa." Na ji haushin yadda ya faɗa, har yau ina ji. Amma gaskiya ya faɗa.

Mu a lokacin uzurinmu ɗaya, ba mu da abin awo, sai an je Magariya. Kai mene ne naka? Ga abin awo a jakarka, ɗan mitsitsi, ka ɗiga jini ya gaya maka gaskiya nan take. Yaushe rabon da ka buɗe shi? Na duba, ƙura ce a kai. Wai yatsa na zafi. Yatsa! To ka saurara. In ƙishirwa ta tashe ka, ka sha ruwa, ka soki yatsan, ka rubuta abin da ka gani da abin da ka ci daren nan. Ba ka taɓa allura. Kowace safiya kafin ka sa komai a baki, ka auna ka rubuta. Safiya uku, huɗu a jere, sannan ka kira majo ka karanta masa. Shi zai ce a ƙara ko a rage ko a bari. In ya ƙara ma ɗan kaɗan yake ƙarawa, ya ce a jira kwanaki a gani. Haka ake yi. Mutumin da ya yi karatun abin yana tafiya a hankali, kai da ka karanci koyar da yara kana tsalle shida cikin wata ɗaya.

Ka ajiye sukari ƙarƙashin matashinka da cikin aljihunka. In ka farka cikin zufa, zuciya na bugawa, hannu na rawa, ko ka tashi da safe da ciwon kai riga a jiƙe, wannan saukar sukari ce, ka sha sukari tukuna sannan ka yi tunani, kuma majo ya ji a ranar. Ranar da ka buga ƙwallo da yara ko ka taya wani noma, ka ci abinci sosai kafin ka kwanta. Ka gaya wa diraktan lakwal da mai gidan da ka sauka, tun yau. Ka ce musu in sun ga kana shirme ko zagi, ba iska ba ce, sukari za su ba ka. In ba ka iya haɗiya kar su ɗura maka, su goga maka a dasashi su ruga da kai likita. Kuma kar ka sa sakata ta ciki. Me kake da shi da za a sata? Katifa?

Saura ɗaya. Na yi kwana biyu ban taɓa bik ba kafin in rubuta shi.

Kana lise, babbar sakandare, a Damagaram aka aiko maka ubanka ya rasu. Aka ce maka zazzaɓi ne na kwana biyu. Ni na ce a gaya maka haka. Ba zazzaɓi ba ne.

Tun abin gona ban sake ƙara ko layi ɗaya ba, na rantse. Ashirin da biyu majo ya sa masa, ashirin da biyu nake ja. Sai sirinji ya yanke a farmasi, muna ta maimaita tsofaffi har bakinsu ya dakushe, ubanka na cije baki in zan soka. Baffanka Idi, wan ubanka, ka san shi da fataucin tsallaken iyaka. Ya je wajen Babura a Najeriya ya dawo mana da tsaraba, fakiti guda cur na sirinji. Ya ajiye gabana yana murna ya ce, "Ga shi nan, amarya, ki daina huda mini ƙane da ƙusa." Har ya mutu amarya yake ce mini.

Namu na da, murfinsu ruwan goro ne. Waɗannan ja. Da na ja ruwan zuwa ashirin da biyu, na ga ya wuce rabin sirinji. A na da, ko kwata bai cika kaiwa ba. Na gani, Auta. Da idona na gani.

Na ce, "Malam, kamar ya fi yawa."

Ya ce, "Lambar ɗaya ce?"

Na ce, "Ɗaya ce."

Ya ce, "To yi mana, barci nake ji."

Raina ya ce in bari sai na nuna wa majo. Sai na ce, in na ɗauki tsarabar Yaya na kai likita a duba, gobe gari ya ɗauka na ce ya kawo wa ƙanensa mugun abu. Wace mace ce ke kai kyautar wan miji a bincika? Kuma majon nan sau uku yana wanke ni, ban son na huɗu. Kunyar mutum biyu na ji. Na soka.

Daren nan bai tashi shan ruwa ba ko sau ɗaya. Shekara tara ban ga haka ba. Da safe ya tashi a jiƙe, kai na sara, na ba shi koko ya warware. Baffanka ya zo gaisuwa ya ji, ya ce, "Ai na gaya muku, kayan can sun fi ƙarfi." Muka yi dariya mu uku.

Ranar ya tafi jana'iza wani ƙauye a ƙafa, ya dawo bayan magariba a gajiye. Loma biyu ya yi ya ture kwano. Na ja ashirin da biyu na soka. Cikin dare na ji yana wani irin minshari da ban san shi da shi ba. Na taɓa shi, jiƙe sharkaf. Ni da na ga abin gona da idona! Amma na ce ai ban ƙara komai ba, zafi ne. Na ɗauki mafici na yi masa fifita. Na saurari randa, shiru. Na ce alhamdulillahi, yau bawan Allah ya samu barci. Na juya na yi nawa barcin, mai daɗi kuwa.

Da asuba bai tashi ba. Aka samo mota, muka kai shi Magariya. Ya kai la'asar, bai buɗe ido ba.

Majo ya ja ni gefe ya ce in nuna masa abin da nake yi da shi. Na kwance bakin zane na miƙa masa. Ya ga jan murfin, sai ya nemi kujera ya zauna. Ya ce wannan sirinjin na wani ruwan allura ne da ake sayarwa a can, mai rauni, shi ya sa layinsa ke da faɗi. In aka ja irin namu mai ƙarfi da shi, lamba ɗaya ce a ido, amma abin da ya shiga jiki ya fi ninki biyu. Ranar bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ban taɓa gaya miki ba, ko?" Na ce, "Ba ka taɓa ba."

Shekara tara yana yi mini tsawa a kan fura da moɗa, kalma ɗaya a kan murfi bai faɗa ba, alhali ya san rabin garin nan a tsallake suke sayayya. Mai kantin da ya miƙa wa baffanka bai tambaye shi wace kwalba gare ku ba, ya karɓi kuɗinsa ya juya. Ina jin haushinsu har gobe. Amma su ba su ga ruwan ya wuce rabi ba. Ni na gani. Na dawo gida na zuba fakitin a salga tun kafin masu gaisuwa su cika gida. Mutane suka ce kwana ya ƙare, na ce haka ne. Na san kwana na Allah ne, ba sai an yi mini wa'azi ba. Hannun da ya ja sirinjin kuma nawa ne. Baffanka har ya koma ga Allah bai sani ba, kuma 'ya'yansa ba za su ji daga bakinka ba.

To ka ji abin da ya sa na rubuta maka. Duk abin da aka kawo maka sabo, allura ce, bakinta ne, daga Najeriya ne, daga Makka ne, ko wa ya kawo, ko ni ce, ba ya taɓa fatarka sai majo ya gani. Mai kyauta ya ji haushi. Kuma ka daina neman daren da ba za ka tashi shan ruwa ba ta hanyar murɗa allura. Na ga irin daren nan sau biyu, na san abin da ke bayansa. Ƙishirwa tana tashe ka ka nemi taimako. Saukar sukari cikin barci ba ta tashin kowa, in ta yi nisa.

Yau ɗin nan da ka karanta, kafin ka soka ta dare, ka nemi tudun da ake samun layin waya ka kira majo. Ka gaya masa gaskiya, ka ce ashirin kake yi, ka gaya masa shayin ma. Kar ka rage da kanka, kar ka bari da kanka, abin da ya ce shi za ka yi. Zai yi maka faɗa. Ka tsaya ka sha, ba a mutuwa da shi.

Ranar kasuwar Guci ta sama, akwai motar da ke kawo kaya daga nan. Ka yago takarda ka rubuta mini awon safiya bakwai da adadin da majo ya sa maka, manya-manya yadda zan gani, ka ba direban. In motar ta dawo babu takarda, wallahi ta gaba da ni za ta zo. In shimfiɗa tabarmata a ƙofar ɗakinka, in bi ka aji in zauna a baya, yara su san mushensu uwarsa ce ke tsaron sa. Ka san zan iya.

Abin ubanka kuwa, ban rubuta don ka ce ka yafe ba. Wannan tsakanina da shi ne da Allah. In ka ji ba ka son ganina, kar ka zo hutu. Ka yi fushi da ni shekara goma in ka ga dama. Amma ka yi shi da ranka.

Allah ya kwanar da kai lafiya ya tashe ka lafiya, kowace safiya. Ya haɗa ka da maƙwabta masu buga ƙofa. Ya sa albarka a aikinka, ya jiƙan ubanka, ya sa kai za ka binne ni. Amin.

Ni ce,
Innarka.